Ziyara Zuwa Kushewar Ƙanƙara A Ƙasar Ayislan

Na sha zuwa gaisuwar mutuwa a rayuwata, ta dangi da ta maƙwabta, amma ban taɓa zaton wata rana zan shiga jirgin sama daga Ikko, in yada zango a London, in sake ƙetare teku har na sa'a uku, domin kawai in tsaya a kan kushewar ƙanƙara ba. To, ya kai mai karatu, abin da ya faru ke nan cikin watan Agusta na shekarar 2023, kuma ga labarin yadda ta kaya.

Ayislan tsibiri ne can arewacin tekun Atilantika, mutanensa duka ba su cika 400,000 ba. Ranar da na sauka babban birninsu, Reykjavik, abu biyu suka ba ni mamaki. Na farko, sai wajen ƙarfe goma na dare rana ta faɗi, har na ƙosa da jiran magariba. Na biyu, da na buɗe famfon ruwan zafi sai na ji warin farar wuta, domin kuwa daga ƙarƙashin ƙasa suke jawo shi da zafinsa. Da wannan ruwa suke ɗumama gidajensu, wutar lantarkinsu kuma kusan dukanta daga ƙarfin ruwa da tururin ƙasa ake samun ta.

Kafin in ci gaba, ya kamata in bayyana irin ƙanƙarar da nake nufi, don kada a ɗauka ƙanƙarar damina ce mai ɓarnar gero. A ƙasashen sanyi, dusar ƙanƙara kan zuba a kan duwatsu shekara da shekaru, ta sama tana danne ta ƙasa, har ta daskare ta zama tudu. In kaurinta ya kai kamar mita 40 zuwa 50, sai nauyinta ya sa ta riƙa gangarowa a hankali, tafiyar da ido ba ya gani. Wannan shi za mu kira kogin ƙanƙara. Su mutanen Ayislan "jokull" suke ce masa, kuma irinsa sun rufe wajen kashi ɗaya cikin goma na ƙasarsu.

Kashegari da sassafe muka kama hanya cikin mota mai ƙarfi, ni da jagora da waɗansu baƙi huɗu. Muka bi ta Thingvellir, inda kakanninsu suka kafa majalisar ƙasa tun shekarar 930, sa'an nan kwalta ta ƙare, muka shiga hanyar tsakuwa cikin wani kwari da ake kira Kaldidalur, watau Kwarin Sanyi. Ba itace, ba gida, ba dabba, sai baƙaƙen duwatsu iyakar ganinka. Ta hannun dama ga Langjokull, babban kogin ƙanƙara, fari fat yana ƙyalli. Ta hagu kuwa ga wani dutse mai faɗi kamar an kife akushi, kansa tsirara in ban da ɗan fari nan da can. Jagora ya tsai da mota, ya nuna shi, ya ce mun iso.

Sunan dutsen nan Ok, ma'anarsa a harshensu karkiya. Tsohon dutse ne mai aman wuta, tsawonsa mita 1,198. A dā kogin ƙanƙara ya lulluɓe kansa, ana kiransa Okjokull. Masana sun ƙiyasta faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 16 a shekarar 1890. Hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1978 suka nuna saura 3. Zuwa 2012 ko ɗaya bai cika ba. A shekarar 2014 wani masanin ƙanƙara, Oddur Sigurdsson, ya duba abin da ya rage, ya tabbatar ya yi sirantar da ba ya iya motsi, ya ce kogin ya mutu. Aka tuɓe masa rawani, watau aka cire "jokull" daga sunansa, ya koma Ok kurum.

Muka hau a ƙasa, fiye da sa'a biyu, babu turba, sai tsalle daga wannan dutse zuwa wancan, iska kuwa tana yankan kunne kamar hunturu ya haɗu da aska. Sau uku ina zama in huta. Da muka kai ƙoli sai ga wani rami mai faɗi, da ɗan tafki a cikinsa, da guntayen ƙanƙara masu datti a gefe. A jikin wani dutse kuma an kafa ɗan allon tagulla wanda bai fi faifai girma ba. Shi ne abin da na ƙetaro teku domin in gani.

Labarin allon nan shi ne ya fi ba ni sha'awa, domin ba aikin mutum ɗaya ba ne. Lokacin da aka ba da sanarwar mutuwar kogin, duniya ba ta ko waiwaya ba. Sai waɗansu malamai biyu na Jami'ar Rice ta Amurka, masu nazarin al'adun ɗan'adam, Cymene Howe da Dominic Boyer, suka ga bai kamata abin ya wuce shiru ba. A 2018 suka fito da fim mai suna "Not Ok", wasa da kalma ke nan, don a Turanci yana nufin ba lafiya ba. A cikinsa Jon Gnarr, ɗan wasan barkwanci kuma tsohon magajin garin Reykjavik, ya ari bakin dutsen ya yi magana a madadinsa. Bayan haka suka nemi marubucin ƙasar, Andri Snaer Magnason, ya tsara kalmomin da za a zana a allon.

Ran 18 ga Agusta, 2019, mutum wajen ɗari suka taru domin kafa allon, har da Firayim Ministar ƙasar ta lokacin, Katrin Jakobsdottir, da tsohuwar shugabar ƙasar Ayalan, Mary Robinson. Rubutun yana cikin harshensu da Turanci, kuma wasiƙa ce zuwa ga waɗanda ba a haifa ba tukuna. Abin da ta ƙunsa a taƙaice shi ne, ana tsammanin cikin shekara 200 sauran kogunan ƙanƙarar ƙasar za su bi sawun Ok. Mutanen yau sun san abin da ke faruwa, sun kuma san abin da ya kamata su yi. Ko sun yi ko ba su yi ba, na baya ne za su sani. A ƙasa aka sa kwanan wata, da awon iskar kabon da ke sararin sama a lokacin, kashi 415 cikin miliyan. Kafin zamanin masana'antu, wajen 280 ne. Ita ce iskar da ƙona gawayin ƙasa da man fetur da gas ke fitarwa, ta taru a sama kamar bargo ta hana zafi fita.

Na daɗe tsaye ina tunani. A al'adarmu ba a yi wa dutse makoki, kuma ban ɓoye wa jagora ba cewa da farko abin ya yi mini kama da wasan yara. Amma na lura da abu guda. Shekara da shekaru masana suna buga alƙaluma, mutane na karantawa suna shan shayinsu. Ranar da masanin kimiyya da marubuci da mai ɗaukar fim da ɗan wasa suka haɗa kai, suka ba asarar nan suna da kushewa, sai ga labarin a jaridun duniya. Lissafi kai yake shiga, rashi kuwa zuciya yake taɓawa. Wata guda bayan haka mutanen Suwizalan suka hau dutse cikin baƙaƙen tufafi don makokin kogin ƙanƙararsu na Pizol. A 2021 aka kafa irin wannan allo a Meziko domin na Ayoloco. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta keɓe shekarar 2025 don kiyaye kogunan ƙanƙara.

Sai dai a faɗi gaskiya, allo bai taɓa mai da ruwa ƙanƙara ba. Tun daga ranar da aka kafa shi awon nan ya haura 420. Amfaninsa ɗaya ne, ya toshe ƙofar uzuri. Ba wanda zai ce wa jikansa ai ba mu sani ba.

Kada kuma mai karatu ya ce ina ruwan biri da gada. Iska ba ta san kan iyaka ba. Ƙanƙarar da ta narke a can teku take shiga, tekun kuwa ya ƙaru da wajen santimita 20 tun daga 1900, kuma shi ne dai yake dukan gaɓar Ikko. Ko a nan Afirka, hukumar UNESCO ta yi gargaɗi a 2022 cewa da wuya ƙanƙarar dutsen Kilimanjaro ta wuce shekarar 2050. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Muna gangarowa sai na tuna wani tafki a bayan garinmu inda muka koyi iyo muna yara, wanda yau fili ne ake buga ƙwallo. Ba wanda ya rubuta shekarar da ya ƙafe, ba wanda ya yi masa waƙa, yaran yanzu ko sunansa ba su sani ba. Alhali kuwa muna da mawaƙa, muna da masu shirya fim, muna da malaman jami'a masu awon ruwan sama, sai dai kowa yana shan inuwarsa daban. Da za su zauna tabarma ɗaya kamar yadda waɗancan suka yi, da an san abin da muka rasa, a kuma tashi tsaye a kan abin da ya rage.

Allah Ya sa in na baya suka karanta wasiƙarmu, su yi mana addu'a maimakon Allah Ya isa. Amin.