Mesa a Cikin Akwati

A ƙasar Mandouri, can ƙuryar arewa maso gabashin Togo kusa da iyakar Benin da ta Burkina Faso, ba a tambayar maciji sunansa. Wanda ya gan shi yakan yi kururuwa, wanda ya ji kururuwa yakan zo da sanda, sai an fasa kan tukuna a tsaya ana gardama ko kasa ce ko kububuwa. Haka Gurmawa suke yi, haka Hausawan zango suke yi, Kirista da Musulmi duk ɗaya. Saboda haka ba abin mamaki ba ne unguwa ta ruɗe sa'ad da wani saurayi, ɗan wani dattijon ikilisiya, ya komo daga Lome da maciji mai rai a cikin akwatin roba.

Yaron nan ba mahaukaci ba ne, ba kuwa gardi ba ne. Ya yi karatu a Dapaong, ya tafi Lome neman aiki, ya samu a ɗaya daga cikin gidajen da ake tara macizai domin sayarwa ƙasashen waje. Watakila mai karatu bai taɓa jin wannan sana'a ba, amma babba ce. Akwai wata ƙaramar mesa a dazuzzukanmu wadda tsawonta ba ya cika wuce mita ɗaya da rabi. Ba ta da dafi, ɓera take ci, in kuwa ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta ɓoye kanta a tsakiya. Mutanen Amurka da Turai suna ƙaunarta, suna ajiye ta a ɗaki cikin akwatin gilashi kamar yadda muke ajiye tantabara. Daga Togo da Benin da Gana ake kai yawancin waɗanda suke fita daga Afirka. A ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975 domin lura da cinikin namun daji, Togo ta yi shekaru tana da adadin 62,500 a kowace shekara na waɗanda aka ƙyanƙyashe a hannu, da 1,500 na waɗanda aka kamo a daji. Da rani mafarauta sukan haƙa ramuka su ɗebo ƙwai da uwaye masu ciki, a ƙyanƙyashe 'ya'yan, a zuba su cikin jakunkuna, a sa a jirgin sama.

Ɗaya daga cikin 'ya'yan nan ce saurayin ya riƙe wa kansa, gama ta ƙi cin abinci, mai gidan ya ce ba za ta kai kasuwa ba. Ya yi ta lallaɓa ta har ta ci, daga nan ya kasa rabuwa da ita.

Mahaifiyarsa ta ce ba za ta kwana gida ɗaya da Shaiɗan ba. Maƙwabta suka ce yaro ya je kudu ya shiga tsafi, suna ba da misali da garin Wida na ƙasar Benin, inda ɗakin tsafin mesa yake fuskantar babbar majami'ar Katolika, kuma irin wannan mesa ce ake girmamawa a ciki. Magana ta kai gaban dattawan ikilisiya. Suka kira shi bayan sujada, suka tambaye shi ko yana yi mata yanka, ko yana roƙonta wani abu. Ya ce, “Iyayena, ɓera ɗaya nake ba ta a mako, ban taɓa roƙonta kome ba, ita ma ba ta da abin ba ni.” Dattawa suka yi dariya, suka sallame shi. A nan sun yi daidai. Macijin da ke ramin gara ba shi ne ya yi magana da Hawwa'u ba, halitta ne kamar kadangare, kuma manomin da ɓeraye suka cinye masa rumbu ya kamata ya san amfaninsa fiye da kowa.

Mahaifinsa ne kaɗai bai yi dariya ba. Da suka koma gida ya ce, “Ɗana, ba ita nake tsoro ba. Jikokina nake tsoro.” Yaron bai gane ba a ranar.

Akwai ƙananan yara uku a gidan, 'ya'yan yayarsa. Da fari daga bakin ƙofa suke leƙe. Bayan mako biyu suna taɓa wutsiya da ɗan yatsa. Kafin wata ya cika, ƙaramar cikinsu, 'yar shekara huɗu, tana rataya ta a wuya tana yawo a tsakar gida, tana kiran yaran unguwa su zo su gani. Kawunsu yana murna, yana cewa ga shi ya cire musu jahilci.

To, ga abin da tsohon ya hango. Mesar nan sa'ad da take ƙarama tsawonta kamar kamu ɗaya ne, launinta ƙasa-ƙasa mai zane. Kububuwa ma, wadda ake ce wa gobe-da-nisa, kamar kamu ɗaya ce, launinta ƙasa-ƙasa mai zane. Babban mutum da ya saba ya san bambanci: mesa mai kauri ce mai santsi, kububuwa siririya ce mai kaushi, in ta fusata takan goga jikinta da jikinta ta yi ƙara kamar ruwa ya zuba a mai mai zafi. Amma wa zai koya wa 'yar shekara huɗu wannan da magariba, a gindin damin dawa? Ita ce macijiyar da ta fi kashe mutane a wannan yanki na Afirka ta Yamma. Dafinta yakan hana jini daskarewa, mutum yana zaune yana hira, yana cewa ya ji sauƙi, sai a ga jini a dasashinsa da fitsarinsa. Ba tsatsuba ko ɗaurin igiya ko baƙin dutse da ke tsayar da shi, sai allurar maganin dafi. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017, ta ce yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara. In allurar ba ta samu a kusa ba, daga Mandouri zuwa babban asibitin Dapaong kusan kilomita 100 ne, kuma tun da fitinar 'yan bindiga ta sa aka kafa dokar ta-ɓaci a yankin a 2022, fita da dare ta zama abin tunani.

Baturen da ke hawa na goma a birninsu yana iya koya wa ɗansa cewa maciji aboki ne, domin macijin da ɗan zai gamu da shi duka-duka shi ne na cikin gilashi. Yaron Mandouri kuwa tsoron nan da uwarsa ta dasa masa tun yana rarrafe shi ne takalminsa, shi ne kuma asibitinsa na kusa. Akwai jahilci a ciki, gaskiya ne, gama saboda shi ana kashe macizai da yawa marasa laifi. Amma wanda zai cire shi sai ya zo da abin da zai sa a gurbinsa, saurayin kuwa bai zo da kome ba sai ƙauna.

Da kaka aka ɗauko damin dawa daga gona aka jingine a bayan rumbu. Kakar yaran tana sussuka, sai ta ji yarinyar tana cewa, “Kaka, ga ta Kawu ta fito,” ta gan ta durƙushe ta miƙa hannu. Tsohuwa ba ta tsaya dubawa ba, ta fizgo ta da ƙafa ɗaya har goshinta ya bugi ƙasa, ta saukar da taɓarya. Kububuwa ce. Ta Kawu tana cikin akwatinta a dunƙule, ba ta je ko'ina ba.

Ba wanda ya yi wa saurayin faɗa. Mahaifinsa ya ɗauki mushen a kan sanda ya ajiye masa a bakin ƙofa, ya wuce masussuka. Yarinyar ta yini tana kuka, ba don goshinta ba, don an kashe mata abin wasa, sai da uwarta ta yi makonni tana sake koya mata gudu.

Saurayin ya so ya sake mesar a dajin bakin kogin Oti, amma ya ce ta saba da hannu, ba za ta kwana uku ba wani zai fasa mata kai. Ya tafi da ita Sokode, inda ƙanin mahaifinsa ya samo masa aiki a shagon kayan babur. Ya kama ɗaki shi kaɗai, ya sa kwaɗo a akwatin, yana sayen ɓera wurin yaran unguwa ba tare da ya gaya musu dalili ba. Irin wannan mesa takan yi shekara 20 zuwa 30 a hannun mutum. An yi masa baiko da wata yarinya 'yar Dapaong, kuma mahaifiyarsa ta riga ta aika masa cewa in bai gaya wa yarinyar abin da ke ƙarƙashin gadonsa ba, ita za ta gaya mata.