Kwarkwasar Adjamé

Duk ɗan kasuwar da ya sauka Abijan ya san Adjamé: tashar mota, gbaka suna ta ihu, masu turo kaya suna "a ba ni hanya", ga ƙanshin garba da soyayyen kifi a kowace kwana. Amma kaɗan ne cikinmu suka san unguwar tana da ƙungiyar ƙwallo tata, Stella Club d'Adjamé, mai riga kore da fari. Laƙabinsu Magnans, wato kwarkwasa. Wanda kwarkwasa ta taɓa shiga wa wando ya san dalilin sunan.

An kafa ta a 1953, tun kafin Kodebuwa ta sami 'yanci, da aka haɗa ƙananan ƙungiyoyi uku suka zama ɗaya. A 1975 ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofunan ƙasashe, Tonnerre ta Yaoundé ta doke ta. Ta ɗauki gasar ƙasa sau uku, 1979, 1981 da 1984, a garin da ASEC da Africa Sports suka saba raba komai tsakaninsu.

Ni 1993 ce tawa. Lokacin shekarata biyu da barin Maraɗi, ina tsaron rumfar yadi ta kawuna. Stella ta haɗu da Simba ta Tanzaniya a wasan ƙarshe na kofin CAF. A Abijan aka tashi babu ci, kowa ya ce shi ke nan, an gama da mu. Sai suka je Dar es Salaam suka ci biyu da nema. Ranar, wani maƙwabcin rumfarmu, wanda kullum ke kirana "ɗan Nijar" da wata irin murya, ya rungume ni har hulata ta faɗi. Kawu kuwa faɗa ya yi, wai na bar rumfa a buɗe. Gaskiyarsa.

Kwanan baya na ce wa ɗana Sani, haifaffen Adjamé, ya raka ni kallon Stella. Ya ce, "Baba, wai har yanzu suna nan?" Shi Real Madrid ya sani. Muka tsallaka gadar Houphouët-Boigny zuwa Treichville, muka shiga Parc des Sports. Kujeru da yawa babu kowa. Tun 1984 ba su sake ɗaukar gasar ƙasa ba, kofin ƙasa na 2012 shi ne abin kirki na baya-bayan nan da nake riƙe da shi, kuma yara ba sa bin ƙungiya don tarihi.

Abin da ya dame ni ba kujerun ba ne. Yaron nan bai san Maraɗi ba sai a waya, Adjamé ɗin ma yana zaune cikinta kamar baƙo. Wani dattijo mai tsohuwar riga kore ya tambaye shi ɗan ina ne. Sani ya dube ni, ya yi jim, sannan ya ce Adjamé. Dattijon ya matsa masa wuri a benci.