Kowane Wata da Furensa

Da watan Maris ya kama, katunan murnar ranar haihuwa a kantunan Landan sukan cika da hoton wani fure rawaya, dafodil. Shi ne furen 'yan Maris, alamar sabuwar rayuwa, don yana cikin waɗanda ke fara ɓullowa da zarar hunturu ya sassauta. Yuni kuwa wardi ya samu, furen masoya. Wannan al'ada ta ba wa furanni ma'ana ta bunƙasa a Turai a ƙarni na 19, musamman bayan littafin Charlotte de la Tour kan harshen furanni ya fito a Faris a 1819. Sai dai ma'ana takan sauya riga idan ta ƙetare iyaka. Kirisantimam, furen Nuwamba, a Amurka fara'a yake nufi, a Faransa kaburbura ake kai wa ranar 1 ga watan, a Japan kuma tambarin gidan sarauta ne. Shi furen bai san an yi wannan rabo ba, lokacinsa kawai yake jira. Ɗan Adam ne ke neman abin da zai ƙawata kwanakinsa da shi. Jadawalin ma na arewacin duniya ne: ɗan Ostareliya da aka haifa a Maris, sai wajen Agusta ko Satumba furensa ke buɗewa.