Ranar da na hau Bagazam da kuɗin asusu a ƙugu

Ƴan uwana mata, bara cikin watan Disamba na ɗauki bashin jikka 150 a asusun ƙungiyarmu a Damagaram, bisa sharaɗin in maida cikin wata uku. Niyyata in sayo tafarnuwa tun daga garka, ba daga hannun dillalai ba. Ƙanin maigidana da ke tuƙi a Agadas ne ya ce mini tafarnuwar kirki tana bisa dutsen Bagazam, cikin ƙasar Abzin.

Ni dai sunan Bagazam a bakin masu yabon doki na san shi. Ashe can ne ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar, Idukal-n-Tagas, mita 2,022.

Kaiwa gindin dutsen ma aiki ne. Na bi ta Tanut zuwa Agadas, na kwana, muka shiga bayan mota zuwa Tabelot. Babu kwalta, sai rairayi da tsakuwa da ƙoramu busassu. Inda motar ta tsaya, direba ya nuna wata siririyar hanya tsakanin duwatsu ya ce: "Yaya, daga nan sai ƙafa da jaki."

Bayan sallar asuba muka kama hawa. Sanyi kamar ya tsaga ƙashi, ga kuɗin mutane ɗaure a ƙuguna. Ban yi awa guda ba silifas ɗina ya tsinke, numfashi ya fara gagara ta. Wallahi na zauna bisa wani dutse na yi kuka. Ba ciwon ƙafa ya sa ni kuka ba, tunanin ranar taro ne: in koma hannu wofi, me zan ce wa mata 25 da suka tara kuɗin nan dala-dala?

Wata tsohuwa Ba'abziniya mai kora jakuna biyu ta tarar da ni. Hausarta kaɗan ce. Ta ɗaure mini silifas da igiyar kaba, ta ba ni dabino, ta ce: "Ɗiyata, ƙaramin taki. Kada ki dubi sama, dubi ƙafar jaki." Haka na yi. In na ƙirga taki ɗari sai in tsaya in sha ruwa kaɗan. Wajen azahar muka fito sarari.

Abin mamaki, a bisa akwai ƙauyuka da garake kore shar: albasa, tafarnuwa, dankalin turawa. Ƙololuwar kanta daga nesa na hange ta. Ban je ba, don ba ita ta kawo ni ba.

Na sayi buhu huɗu da araha. Amma saukowa ta fi hawa cin gwiwa, kuma a nan lissafina ya rushe. Ban saka kuɗin jakuna ba, ban saka na lodi ba, ban saka kwana biyun da na yi ina jiran mota a Tabelot ba. Da na sayar, na biya asusu da ruwansa ranar da aka yanka, abin da ya rage mini jikka 9 ne.

Ban faɗi ba, alhamdu lillahi, amma saura ƙiris. Yanzu in wata ta nemi bashi a taronmu ta ce ta samu kaya da araha a wani gari, ina tambayarta: nawa ne kuɗin zuwa, nawa ne na komowa da kaya, kwana nawa za ki yi a hanya? In ta amsa ukun nan, sai a buɗe akwati.