A Sama Wa Babbar Sista Akawu

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, amma ita ake sa babbar sista ta tauna kowace safiya a asibitocinmu. Na daɗe ina aikin jinya a ƙarƙashin irin waɗannan shugabanni, na kuwa ga yadda takarda ke raba su da majiyyata.

Babbar sista ce ke tsara masu aikin safe da yamma da dare, ita ke rubuta takardar neman auduga da allurai daga sito, ita ke lissafin hutun ma'aikata da rahoton ƙarshen wata. Kafin ta ɗago kai azahar ta yi, alhali sabuwar nas tana can tana wanke miki ba mai duba hannunta.

Tun 1979 aka kafa Majalisar Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya domin tsare ingancin horo. To, ina amfanin horon idan gwanar ta koma magatakarda, musamman yanzu da ƙwararru ke ta ƙaura zuwa Ingila?

Roƙona ga hukumomin asibiti shi ne, a ba kowace babbar sista akawu da kwamfuta, domin ta koma bakin gadon marar lafiya.