Giglio: Tsibirin da ya sa masu yawon teku suka fara karanta takardar inshora

DUK wanda ya kalli fim ɗin Indiya mai suna 'Dil Dhadakne Do', wanda Zoya Akhtar ta ba da umarni a 2015, sai ya ji kamar ya haɗa jaka ya nufi teku. Ga Anil Kapoor, ga Priyanka Chopra, ga Ranveer Singh da Anushka Sharma, duk a cikin wani ƙaton jirgin ruwa mai benaye, ana ci ana sha ana rawa, jirgi kuma yana ratsa Bahar Rum daga wannan gari zuwa wancan. Kafin shi an yi 'Mann' a 1999, inda Aamir Khan da Manisha Koirala suka haɗu a irin wannan tafiya. 'Titanic' na 1997 kuwa ba sai an faɗa ba, don babu unguwar da kaset ɗinsa bai zagaya ba.

A cikin 'Dil Dhadakne Do' akwai wurin da Anil Kapoor ya dafe ƙirji, hankalin iyalinsa ya tashi, daga baya likita ya ce ai iska ce kawai ta riƙe masa ciki. 'Yan kallo suka yi dariya, aka wuce wurin. Abin da kyamara ba ta nuna ba shi ne takardar kuɗin likitan. To, a fim darakta ne ke cewa a tsaya a sake ɗauka. A teku kuwa, in abu ya lalace, tambaya ɗaya ce ke biyo bayan ceton rai: wa zai biya? Akwai wani ɗan tsibiri a ƙasar Italiya da ya ga ranar da wannan tambaya ta faɗo kan mutane fiye da 4,000 a dare ɗaya.

DAGA ROMA ZUWA BAKIN RUWA

Birnin Roma ba a bakin teku yake ba. Mai son shiga jirgin shaƙatawa sai ya hau jirgin ƙasa na kamar sa'a guda zuwa Civitavecchia, wanda ake furtawa Cibitabekiya. Tsohuwar tashar jiragen ruwa ce da Sarki Trajan na daular Rumawa ya gina kusan shekara 1,900 da suka wuce, kuma har yau ga ganuwar Michelangelo nan tsaye a bakin ruwa. A 2023 fasinjojin jiragen shaƙatawa fiye da miliyan 3 ne suka bi ta wannan tasha. Da sassafe mutum zai ga jirage sun jeru kamar manyan otal-otal da aka kwantar a kan ruwa, motocin bas suna ta jigila, masu ɗaukar kaya suna ta liƙa wa akwatuna lambar ɗaki.

In jirgi ya bar nan ya yi arewa, cikin 'yan sa'o'i zai gifta tsibirin Giglio, wato Jiliyo a baki. Ƙaramin wuri ne a yankin Tuscany, mazaunansa ba su kai 1,500 ba. Dutse ne zalla da ƙananan itatuwa da gonakin inabi da aka sassara a jikin tsauni. Ƙauyuka uku ne a kansa: Porto a bakin ruwa, mai gidaje masu launi-launi da fitilun jagora biyu, ja da kore, a bakin mashiga, Castello a can ƙololuwa, cikin ganuwa, da lunguna masu matsi kamar na cikin tsohon birni, sai Campese a yamma, inda rairayi yake. Ana zuwa ne ta jirgin fito daga Porto Santo Stefano, tafiyar kimanin sa'a ɗaya. Tsibirin ya san wahala tun da, domin a 1544 mayaƙin teku Barbarossa ya auka masa, ya kwashe mafi yawan mutanensa. Amma abin da ya sa sunansa a bakin duniya a zamanin nan wani abu ne daban.

DAREN JUMA'A

Ranar Juma'a, 13 ga Janairu 2012, jirgin Costa Concordia ya tashi daga Civitavecchia da yamma, ɗauke da mutane sama da 4,200, fasinjoji da ma'aikata. Tsawonsa mita 290. Zagayen mako guda yake yi: Savona, Marseille, Barcelona, Palma, Cagliari, Palermo. Jirgin ma ya taɓa zama lokeshin, don a cikinsa ne daraktan nan Jean-Luc Godard ya ɗauki wani ɓangare na 'Film Socialisme', wanda ya fito a 2010.

Kyaftin Francesco Schettino ya kauce hanya don ya matso kusa da Giglio, irin gaisuwar ban-girma da wasu matuƙa ke yi wa tsibiri. Da misalin ƙarfe 9:45 na dare, ana tsaka da cin abinci, gefen hagu na jirgin ya daki duwatsun Le Scole. Ruwa ya cika ɗakin inji, wuta ta ɗauke. Aka fara gaya wa fasinjoji wai matsalar lantarki ce. Sai da aka shafe fiye da sa'a guda kafin a ba da umarnin barin jirgi, lokacin kuwa ya riga ya karkata, wasu kwale-kwalen ceto sun ƙi sauka. Kusan mutum 700 da suka shiga a ranar ba a kai ga koya masu yadda ake fita in an shiga haɗari ba. Mutum 32 suka rasu. Gawa ta ƙarshe, ta wani ma'aikacin ɗakin cin abinci ɗan Indiya, sai a Nuwamba 2014 aka gano ta. Kotu ta yanke wa kyaftin ɗin ɗaurin shekara 16 a 2015, ya fara zaman kaso a 2017.

Mutanen Giglio sun nuna halin kirki a wannan dare. Cikin sanyin Janairu suka buɗe coci da makaranta da otal da gidajensu, suka fito da barguna. Dubban baƙi suka kwana, wasu da kayan liyafa, wasu da kayan barci, babu takalmi, babu fasfo, babu waya, babu ko sisi. Daga baya kamfanin ya yi wa kowane fasinja da bai ji rauni ba tayin Yuro 11,000, ban da kuɗin tikiti da na komawa gida. Wasu suka karɓa, wasu suka tafi kotu, shari'a ta ɗauki shekaru. A nan darasin yake: diyyar kamfani tana zuwa ne a bayan lissafi da lauyoyi, alhali buƙatar wanda ya fito daga ruwa ta washegari ce.

ABIN DA ZA A DUBA A TAKARDA

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mai riƙe da fasfo ɗin Nijeriya ko Nijar da zai shiga jirgi a Italiya, Faransa ko Sifen dole ya nemi bizar Shengen, kuma ba a ba da ita sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Mutane da yawa suna sayen mafi arha don dai a buga masu biza, su cusa a jaka ba tare da sun karanta ba. Nan ne ake yin kuskure. Wannan takarda sau da yawa iyakarta ƙasashen Shengen. In jirgi ya tsaya a Tunisiya, Turkiyya, Masar ko Maroko, mutum ya zame ya karye a can, ana iya ce masa ba ya ciki. Wasu kamfanonin ma ba sa lissafa tafiyar jirgin shaƙatawa kwata-kwata sai an ƙara kuɗi an rubuta ta ƙarara. Saboda haka tambaya ta farko ita ce: shin takardar ta ambaci jirgin ruwa, kuma ta haɗa duk ƙasashen da zai tsaya?

Na biyu, asibitin cikin jirgi ba kyauta ba ne. Abinci da wurin kwana suna cikin tikiti, amma ganin likita, allura da ƙarin ruwa duk a kan asusun ɗakin mutum ake ɗora su, a kuɗin waje. Kuma ƙaramin asibiti ne. In ciwo ya yi tsanani, za a sauke maras lafiya a tasha mafi kusa, ko jirgi mai saukar ungulu ya zo ya ɗauke shi, jirgin ruwa kuma ya ci gaba da tafiyarsa. Daga nan kuɗin gadon asibiti, masaukin mai jinya, da jirgin da zai dawo da shi gida, wani lokaci tare da nas, duk suna wuyan iyali. Jirgin ɗaukar maras lafiya kaɗai yana iya cin dubban daloli masu yawa. Don haka adadin da aka rubuta a gaban kwaso maras lafiya da dawo da shi gida ya fi komai muhimmanci a takardar. A duba kuma me aka ce game da gawa, in ta Allah ta kasance: dawo da ita gida ko binne ta a can.

Na uku, tsohuwar cuta. Mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya da ya ɓoye lokacin cika fom don kuɗin ya yi sauƙi, kansa ya cuta, domin ranar biya za a nemi bayanin likitansa. Mai juna biyu kuma ta sani cewa yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar wadda cikinta zai shiga mako na 24 kafin a gama tafiya.

Na huɗu, jirgin ruwa ba motar tasha ba ce da za a ce direba ya ɗan jira. Wanda ya taso daga Kano ko Abuja, zai canza jirgin sama a Alƙahira, Addis Ababa ko Istanbul, in aka samu jinkiri ya iso bayan an ɗaga tsani, to sai dai ya bi jirgi zuwa gari na gaba da kuɗin aljihunsa, sai fa in inshorarsa ta ɗauki wannan. Haka wanda ya fita yawo da kansa a Barcelona ya shagala a kasuwa. Masu wayo suna isa garin tashi kwana ɗaya kafin ranar.

Na biyar, fasa tafiya. Kamfanin jirgi yana yanke kuɗi ne daidai kusantowar ranar tashi, har ta kai in ya rage 'yan kwanaki ba a mayar da komai. Inshora tana biya ne kan dalilan da ta jera, kamar rashin lafiya ko rasuwa a gida. Hana biza ba kasafai yake cikin jerin ba, sai an tambaya. Kuma a saye ta ranar da aka biya kuɗin tafiya, domin abin da ya riga ya faru kafin a saya ba ya shiga.

Na shida, kulle a ɗaki. A Fabrairu 2020 an tsare jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum 3,711 a ciki saboda cutar korona, sama da 700 suka kamu. Ko ba annoba, ciwon amai da gudawa yana saurin yaɗuwa a jirgi, likita kuma yana da ikon cewa mutum ya zauna a ɗaki. Wasu takardun suna biyan wani abu a kan kowace ranar kulle, wasu ba sa biya.

GA 'YAN FIM DA MASU GWAL

Jarumar da ta ɗebi sarƙoƙin gwal don hoto a saman jirgi ta duba iyakar abin da ake biya a kan kaya guda ɗaya, don yawanci bai kai kuɗin ɗan kunne mai nauyi ba, kuma za a nemi rasit. Furodusan da ke mafarkin ɗaukar waƙa a teku shi ma ya sani cewa inshorar ɗan yawon buɗe ido ba ta ɗaukar kayan sana'a irin su kyamara da fitilu. Nasu daban ne, ga kuma izinin kamfanin jirgi. Hawan babur ɗin ruwa da nutso su ma sau da yawa sai an ƙara su.

Sai maganar wurin saye. Kamfanonin jirage suna tallar tasu inshorar tare da tikiti. Tana da sauƙin samu, amma wasu kan biya da takardar wata tafiyar maimakon tsabar kuɗi, kuma ba lallai ta yi amfani ba in kamfanin ne da kansa ya durƙushe. Wannan ba tatsuniya ba ce. Jirgin nan Sovereign da aka ɗauki 'Dil Dhadakne Do' a cikinsa, kamfaninsa Pullmantur ya karye a 2020, a shekarar aka kai jirgin Aliaga ta Turkiyya aka yayyanka shi ƙarfe-ƙarfe. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai tsarin takaful, wanda hukumar NAICOM ta fitar wa da ƙa'idoji a Nijeriya a 2013. Shi ma dai tambayoyin nan ne za a yi masa, ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe, a ajiye lambar wayar gaggawa ta kamfanin inshora da hoton fasfo a imel, a bar kwafi a hannun wani a gida. Takardar da ke cikin akwati a ɗakin da ruwa ya cinye ba ta da amfani.

GIGLIO A YAU

Shekara biyu da rabi Costa Concordia ya yi a bakin Porto, har ya fito a fim ɗin 'La Grande Bellezza' na Paolo Sorrentino a 2013. A Satumbar wannan shekarar injiniyoyi, ƙarƙashin wani ɗan Afirka ta Kudu, Nick Sloane, suka miƙar da shi cikin sa'a 19. A Yuli 2014 aka ja shi zuwa Genoa, inda aka gama wargaza shi a 2017. Aikin ya ci fiye da Yuro biliyan 1. Guntun dutsen da ya maƙale a jikinsa an mayar da shi teku, an kuma kafa allo mai sunayen mamatan a bakin tasha. Dokar teku ta duniya ta sauya: tun daga 2015 dole a koya wa fasinja hanyar tsira kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa.

Masunta sun koma sana'arsu, baƙi sun koma ninƙaya, manyan jirage kuma suna wucewa can nesa, fitilunsu na ƙyalli. Tafiya ce mai daɗi, kuma haɗari irin na 2012 ba kasafai yake aukuwa ba. Abin da ya fi samun fasinja shi ne zamewa a matakala, hawan jini da jinkirin jirgin sama. Doka ta tilasta wa kamfani ya nuna wa fasinja rigar ceto da ƙofar fita. Karanta takardar inshora kuwa babu dokar da za ta yi wa mutum, sai shi ya zauna ya karanta kafin ya biya.