Mai zane ya tashi daga ƙarshen layi

A da, a ƙasar Magariya da Dungas, mai zane shi ne hannun ƙarshe. Sai masaƙi ya gama, tela ya haɗa riga, sannan mai ɗinkin hannu ya ɗora aska takwas a ƙirji. Sai magini ya tayar da soro, sannan a ƙawata fuskarsa da dagi, irin wanda ake gani a unguwar Birni ta Damagaram. Ko a zamanin cinikin gyaɗa, lokacin da kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, yake kwasar amfanin gonar yankin, buhu bai bukaci ado ba. Sikeli ne ke magana.

Yau lamarin ya juya. Matan da ke matsar man gyaɗa sun saba zuba shi a tsohuwar gorar ruwa, makwabta su saya bisa yarda. Amma da zarar ƙungiyarsu ta nufi kantunan Damagaram ko Yamai, sai a tambaye su: mene ne sunan kayan, wa ya yi su, yaushe za su lalace? Nan ake neman saurayin da ya iya sarrafa Canva a wayarsa. Shi ke ba da shawara kan suna, da girman gora, da hoton da za a yaɗa ta WhatsApp, wani lokaci har da farashi. Tun ba a soya gyaɗa ba ake zama da shi.

Sai dai wannan girma yana tafe da haɗari. Samfuran da manhajar ke bayarwa an tsara su ne don wasu kasuwanni. Sai man Dungas ya fito da kamannin kayan Turai, ɗauke da Faransancin da yawancin masu saye a Tinkim ko Maigatari ba sa karantawa. In ma an rubuta Hausa, ƙugiyar haruffa kan ɓace, "ƙasa" ta koma "kasa", wato gazawa.

Bikin FIMA da Alphadi ya fara a Tigidit a 1998 ya nuna cewa zanen gida yana da masu saye a duniya. Ya kamata ƙungiyoyin al'adu su zaunar da tsohon mai ɗinkin hannu da saurayin waya a tabarma ɗaya, malamin Hausa kuma ya duba rubutun kafin a kai shi maɗaba'a.